Idon Dama na Mai Sikeli

A layin masu gyare-gyare, tsakanin shagon mai ɗinkin kujerun mota da wani shagon wankin hoto da ya daɗe da rufewa, akwai ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. A nan Mai Sikeli ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Sikelin mahauta ne, na masu sayar da zinariya ne, ko na asibiti da ake ɗora jarirai, duk wanda ya fara ƙarya wurinsa ake kawo shi. Yana da ƙarafan awo a cikin akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, kuma ba ya taɓa su da yatsa sai da hantsaki, wai gumin hannu ma nauyi ne. Mutum ne mai taurin kai irin na masu gaskiya, wanda ya fi na maƙaryata wuyar sha'ani. In ka kawo masa sikeli ka ce ya ɗan karkata maka shi, zai miƙo maka abinka ba tare da ya ɗago kai ba, gobe kuma gaisuwarka ma sai ya ga dama zai amsa.

Wannan duka sana'a ce, da ita ya ciyar da iyali. Abin da ya cinye rayuwarsa yana can sama, kuma wani tsohon farfesa ne ya jawo masa shi.

Farfesan yakan kawo masa sikelin ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, irin wanda ake rufewa da gilashi don kada numfashin mutum ya motsa shi. Ya lura cewa Mai Sikeli kan ɗaga abu a tafin hannu ya faɗi nauyinsa, a ɗora kuma a tarar kusan haka ne. Wata rana da yamma ya ja shi saman benen sashensu, suka jira rana ta faɗi, ya sa masa ido a bakin madubin hangen nesa.

"Me kake gani?"

"Ɗigo uku, ranka ya daɗe. Ba wani abin a zo a gani."

"Na tsakiyan nan ba ɗaya ba ne, biyu ne. Nisa ne ya haɗe su. Taurari ne jarirai, ba su gama haɗuwa ba. Suna zagaya juna a tsakiyar wani ƙaton zobe na gas da ƙura, kuma zagayen nasu ba da'ira ba ce, ya fi kama da ƙwai. Sai su yi nesa da juna, sai su matso. Duk lokacin da suka matso sukan janyo gas daga zoben ya kwararo musu, ya faɗa kansu ya yi zafi, haskensu ya tashi. In sun rabu ya lafa."

"Wato tsotso suke yi."

Farfesan ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara nawa yana koyarwa bai samu ɗalibin da ya faɗe shi a taƙaice haka ba. Sannan ya nuna masa aikin. Ɗigon sama ya fi na tsakiya haske, na gefe bai kai shi ba, kuma waɗannan biyun ba sa canjawa, su ne ƙarafan awo. Mutum zai raba tsakaninsu gida goma a ransa, ya duba a gida na nawa na tsakiyan yake zaune a daren. Mai Sikeli ya ƙura ido ya ce gida na huɗu. Farfesan ya duba ya ce shi ma huɗu ya gani.

"Ido ba mudu ba, ya san kima," in ji tsohon. "Ni gwiwoyina sun ƙi benen nan. Ka karɓi yaran nan ka riƙe mini."

Da zai bar aiki ya ba shi ƙaramin madubinsa na gida, ya kuma haɗa shi da wata ƙungiya ta masu duban taurari don sha'awa, inda kowa kan aika abin da ya auna a tara. Kafin su rabu Mai Sikeli ya tambaye shi ko gas ɗin zai ƙare wata rana. Ya ce zai ƙare mana, kowane jariri ana yaye shi, amma abu ne na miliyoyin shekaru, babu ɗan Adam da ya taɓa ganin yayen da idonsa. Da tsohon ya san inda wannan magana za ta kai mutumin, da ya haɗiye abarsa.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a bene na haya, saman benen kuma tankunan ruwa ne da igiyoyin shanya. A bayan babban tanki, inda fitilar titi ba ta kaiwa, ya kafa madubinsa. Tagwaye, kamar yadda yake kiran taurarin biyu, ba sa fitowa duk shekara. Suna da watanninsu, kuma a cikin watannin nan babu wanda ya isa ya ga Mai Sikeli bayan faɗuwar rana. Abincinsa a rufe yake jiransa har ya huce. Ba ya zuwa gaisuwa, ba ya zaman hira, yaro ya yi zazzaɓi sai ya ce a ba shi magani yana saukowa. Da idon dama kawai yake dubawa, don Farfesa ya ce kada a riƙa sauya ido, awo zai rikice. Yana tattalin idon nan fiye da yadda yake tattalin kowa a gidan. Ko ashana ba a ƙyasta masa kusa in ya kusa hawa sama.

Matarsa mace ce mai haƙuri da baki, wato tana haƙurin amma sai ta faɗa. In ya sauko takan ce, "Ya 'ya'yanka na sama? Sun ƙoshi?"

"Yau sun kai tara."

"Madalla. Na ƙasa kuma ɗaya ya faɗi jarrabawa, ɗaya takalminsa ya tsage. Ko su ma in aika wa ƙungiya?"

Sai ya yi murmushi ya ja kwanonsa. Bai taɓa ɗaukar maganar da zafi ba, kuma wannan ne ya fi ɓata mata rai.

Shekarun farko abin yana tafiya kamar agogo. Duk bayan 'yan makonni hasken zai taso daga gida na uku ko na huɗu, ya hau har tara, ya kusa kamo maƙwabcin sama, sannan ya sauko. Farfesa ya rasu, yara suka girma suka watse, shagon mai kujerun mota ya koma na sayar da wayoyi, sikelin zamani mai batir ya fara kashe masa kasuwa. Duk bai dame shi ba. Can cikin shekarun sai ya lura tashin ba ya kaiwa tara, a takwas yake tsayawa. Ya ce ko hazo ne, ya jira shekara ta zagayo. Takwas ɗin dai. Bayan wasu shekaru ya koma bakwai. Ƙasan hasken bai wani motsa ba, ƙololuwar ce take ta raguwa a hankali, kamar dai gas ɗin da ke kwarara yana ja baya.

Ranar da kalmar yaye ta faɗo masa a rai, sai da ya zauna a kan bulon da ke gindin tanki. Abin da aka ce babu wanda ya taɓa gani, ga shi yana faruwa a gaban mai gyaran sikeli, a bayan tankin ruwa. Daga ranar bai ƙara zama mutum kamar kowa ba. Duk wani rashi da ya yi a rayuwa ya samu dalili. Cinikin da ya mutu, zumuncin da ya yanke, 'ya'yan da suka tashi suna jin kunyarsa kamar baƙo, duk ya ɗora su a kwano ɗaya, ya ɗora yayen Tagwaye a ɗaya kwanon, ya ga ya rinjaye su.

Ya rubuta wa ƙungiya, aka amsa masa da godiya irin wadda ake wa kowa. Tauraron dusu-dusu ne, masu binsa ba su da yawa, babu kuma wanda ya bi shi tsawon shekara ashirin da ɗoriya ba fashi sai shi. Haka ya yi ta zama da abinsa a ciki har wata matashiyar mai bincike daga jami'a ta zo nemansa a shago. Dakta ake ce mata. Tana aiki ne a kan yadda taurari jarirai masu zagaya juna suke haɗiyar gas, ta je tonon tsofaffin awo ta ci karo da nasa. Ta zauna a kan benci tsakanin matattun sikeli, ta buɗe kwamfuta ta nuna masa duk shekarunsa an jera su a zane ɗaya, tsaunuka a jere, kowanne ya fi na gaba da shi tsawo.

"Baba, ban ce yaye ba ne," ta ce. "Yana iya zama kwararar ce ta ragu na wani lokaci, ko ƙura ta gitta. Amma ko wanne ne, babu wanda yake da dogon awo irin wannan. In ya tabbata, sunanka zai hau takarda tare da nawa."

"Sunana?"

"Naka. Ai aikinka ne."

Da ta tafi ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya je gida ya faɗa wa matarsa. Ta dube shi ta ga da gaske yake, sai ta fasa tsokanar da ta ɗauko. Ta ce Allah ya tabbatar.

To, a 'yan shekarun nan Mai Sikeli ya zama mai yawan ƙorafi. Masu ƙwan lantarki sun zama macuta, ƙwan yanzu ba ya haske. Masu fenti suna haɗa farin da ƙasa. Sabulun zamani ba ya fitar da wanki, fararen rigunansa duk sun koma ruwan ƙasa. Ya ƙara fitila a kan teburin shago, ya sake ƙara wata. Kowa ya samu rabonsa na laifi, daga kamfanin wuta har matarsa. Laifi tudu ne, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kama ƙaryar sikelin mutane bai taɓa tunanin a ɗora nasa a teburi ba.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aiki a kantin magani. Ranar da ya tsallake matakala ya gurje gwiwa, ba ta nemi shawararsa ba, ta sa shi a mota sai asibitin ido. Likita ya haska masa fitila ya ce yanar ido ce, a duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ya yi masa bayani cewa a cikin kowane ido akwai ɗan abu garai-garai kamar gilashi, shi ne yake dusashewa da tsufa. Za a cire shi a sa na roba. Aiki ne mai sauƙi, za a fara da dama.

"A fara da hagu," in ji Mai Sikeli.

"Baba, na daman ne ya fi lalacewa."

"Na daman yana da aiki. Watannin taurarina ne. Ba mai taɓa shi sai sun wuce."

Likita ya dubi 'yar, 'yar ta dubi silin. Aka fara da hagu.

Washegari da safe aka cire masa bandeji, aka sa masa baƙin tabarau, Uwata ta mayar da shi gida. Ya zauna a falo ya cire tabaraun don ya ɗiga magani. Abin da ya fara ba shi mamaki bango ne. Fari ne fat. Ya rufe hagu ya duba da dama, bangon ya koma launin tsohuwar takarda. Ya buɗe, ya koma fari. Ya yi 'yar dariya, ya ce ashe masu fenti ba su ci amanar kowa ba. Ya tashi ya bi ɗakin yana kallon kaya kamar baƙo, har ya kai ƙofar kicin, inda matarsa ta ɗora ruwan shayi a kan murhun gas.

Wutar shuɗiya ce. Shuɗi mai kaifi, mai rai, irin wanda ya manta akwai shi a duniya. Ya rufe idon hagu. Wutar ta kusa ɓacewa, sai wani abu fatsi-fatsi a gindin buta, kamar gas ɗin ya kusa ƙarewa. Ya buɗe hagu, ta dawo da ƙarfinta.

Ya daɗe a tsaye yana yin haka. Farfesa ya taɓa faɗa masa, Dakta ma ta maimaita, cewa ƙarin hasken da Tagwaye ke yi lokacin tsotso na gas ne mai tsananin zafi, ya fi karkata ga shuɗi. Maƙwabtan biyu kuwa, ƙarafan awonsa, haskensu ja-ja ne mai ruwan ɗorawa. Idon da yake rufe shuɗi a hankali, shekara bayan shekara, zai bar maƙwabtan kusan yadda suke, ya riƙa yanke ƙololuwar Tagwaye kaɗan-kaɗan. Bai buƙaci kowa ya yi masa lissafin ba. Sana'arsa ke nan.

"Lafiya, Malam? Idon ne yake ciwo?"

"Wutar nan kullum haka take?"

"Wace wuta? Ta murhu? To da yaya za ta kasance?"

"Shuɗiya haka."

"Tun da aka sayi murhun."

Ya juyo ya dube ta da sabon idon, sai ya ga wata tsohuwa. Gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari ne tas, ba ruwan toka ba kamar yadda yake zato. Akwai layuka a gefen bakinta da wuyanta da bai san lokacin da suka zo ba, da wani tabo na ƙuna a bayan hannunta wanda ya warke tuntuni. Tsohon idon ya ɓoye masa wannan ma. Tausayinta ya kama shi tare da kunya, ya rasa wanda zai fara ji. Ya koma falo ya zauna, shayin ya huce a gabansa.

Likita ya hana shi wahalar da idon, amma bayan 'yan kwanaki lokacin matsowar Tagwaye ya zo, ya lallaɓa ya hau sama da faɗuwar rana. Ya duba da dama, ya samu shida da ƙyar. Ya sa hagu. Tauraron yana zaune a tara, yana ƙyalli kamar shekarar da Farfesa ya damƙa masa shi. Babu abin da ya ragu. Suna tsotsonsu hankali kwance, kuma haka za su ci gaba bayan shi da jikokinsa sun zama ƙasa.

Wani zai ce ya yi shiru mana. Wa ya sani? Takarda ta kusa fita, a gyara ɗaya idon, magana ta mutu. Tunanin ya zo masa, ba sau ɗaya ba, ya kwana da shi ya tashi da shi. Amma mutumin da ya kori mahauta daga shagonsa saboda awo bai iya ba. Ba jarumta ba ce, hali ne kawai, kuma hali zanen dutse. Ya sa rigarsa, wadda yanzu ya ga fara ce, ya hau mota zuwa jami'a.

Ofishin Dakta ɗan ƙarami ne, takardu har kan kujerar baƙi. Ta kwashe masa su ya zauna, ya faɗa mata komai tun daga murhu, muryarsa ba ta rawa, kamar yana ba da rahoton sikelin wani. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta cire tabaraunta ta ajiye.

"Baba, ni ma ina neman yadda zan kira ka. Na samo awon wata kyamara mai aiki da kanta, na 'yan shekarun nan. Ƙololuwar ba ta motsa ba ko kaɗan. Na rasa inda bambancin yake. Yanzu na gane."

"Wato ko ban zo ba an kama ni."

"Ba kamawa ba ce. Ba laifinka ba ne."

"Ban ce laifi ba. Ki saurare ni, 'yata." Ya matso da kujera. "Sikeli in ya karkace ba a jefar da awon da aka yi da shi. Ana auna karkatar a cire. Idon daman yana nan, ban bari an taɓa shi ba. Zan riƙa dubawa da hagu in duba da dama, mu san nawa yake ci. Sai ki mayar wa kowace shekara abinta."

Ta mayar da tabaraunta. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Yanar yau za ka iya aunawa. Ta shekara goma da ta wuce fa? Ta sha biyar? Ba mu san ranar da ta fara ba, ba mu san ko da sauri ta riƙa tafiya ko a hankali ba. Duk gyaran da na yi, zan kasance na zaɓi amsar ne da kaina. Shekarun farko suna da amfani, za su nuna lokutan matsowa. Amma maganar raguwa babu ita."

"Takardar fa?"

"Babu takarda, Baba. Zan gode maka a wata, in na yi amfani da lokutan."

Ta rako shi har bakin matakala, tana riƙe da gwiwar hannunsa kamar zai faɗi. Ya ce mata zai nemo hanya. Ta ce Allah ya sa, da irin muryar da ake wa mara lafiya.

Daga nan ne taurin kan ya zama ciwo. Ranar aikin ido na biyu ta zo ya ƙi zuwa. Aka sake sa wata ya ƙi. Uwata ta zo gida ta tsaya a kansa.

"Baba, likita ya ce in ta ƙara tauri aikin zai yi wuya. Kana tafiya da ido ɗaya kana karo da ƙofa. Saboda me?"

"Shi kaɗai ne shaidata, Uwata. In aka cire shi, shekarun nan duka sun tafi."

"Ai sun riga sun tafi. Mu ma da muke cikinsu mun haƙura."

Maganar ta fito mata ba shiri, ta sa hannu ta rufe baki. Shi kuwa bai ga ƙarya a ciki ba. Matarsa ce ta janye 'yar zuwa kicin, ya ji suna magana ƙasa-ƙasa, ya ji an kunna murhu.

Ya ƙarasa watannin yana awo biyu-biyu, hagu sannan dama. Da farko bambancin gida uku ne. Kafin Tagwaye su faɗi ya kusa huɗu. Abin da yake son ya kafa a matsayin ma'auni yana tafiya a ƙarƙashin hannunsa, kuma ya fi kowa sanin cewa ba a awo da ƙarfen da ke zubewa. Duk da haka ya tattara ya aika wa Dakta. Ta amsa da gaisuwa mai kyau, ta ce ta samu aiki a wata ƙasa, yanzu wasu taurarin take bi, ya kula da lafiyarsa.

Watannin da babu Tagwaye a sama ya yi su a shago, ba ciniki, yana zaune da ido ɗaya a rufe yana kallon masu wucewa. Ya rame. Ya daina ƙorafi a kan komai, har matarsa ta ce ta fi son lokacin da yake zagin masu ƙwan lantarki. Takan ajiye masa abinci da zafinsa yanzu da yake yana gida da yamma, su zauna su biyu a falo, amma hirar da ba a koya ba tun ƙuruciya ba ta zuwa da tsufa. Sai ta kunna rediyo.

Da Tagwaye suka dawo ya hau sama, yana dafa bango. Ya saita madubi da idon hagu, ɗigo uku suka fito tar. Ya sauya zuwa dama. Babu komai. Ba Tagwaye, ba maƙwabcin gefe, har na saman mai haske babu, sai wani hazo ruwan ƙasa. Ya goge gilashin madubin da gefen riga duk da ya san ba daga nan ba ne. Ya sake dubawa. Sannan ya rufe madubin da ledarsa ya sauko, tun abinci bai gama dahuwa ba.

"Ki kira Uwata," ya ce wa matarsa. "Ta karɓo mini ranar aikin idon."

An yi aikin da hantsi. Yanar ta yi tauri kamar yadda likita ya faɗa, an daɗe fiye da na farko. Yana kwance an rufe masa fuska da ƙyalle, yana jin ƙarar wani inji siririya da sanyin ruwa yana bin kuncinsa. Duk tsawon lokacin abu ɗaya yake saƙawa. In an ciro abin, zai roƙa a sa masa a 'yar kwalba. Akwai masu na'urar da ke auna irin hasken da gilashi ke tarewa. Wataƙila yanar ma tana da sawu a jikinta, shekara a kan shekara, wanda masani zai iya karantawa. Bai san ko haka ne ba, amma zai tambaya, zai rubuta wa Dakta.

Da aka gama aka ɗaga shi zaune, bandeji a rabin fuska. Likita yana cire safar hannu yana cewa an yi nasara, gobe zai ga duniya sabuwa.

"Likita, abin da kuka cire. Ina son a ba ni."

"Wane abu, Baba?"

"Gilashin idon. Tsohon. A sa mini a kwalba, ina da aiki da shi."

Likita ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa. "Ai ba a ciro shi ɗungurungum yanzu. Injin nan da ka ji yana ƙara, farfasa shi yake yi ya zama gari, ruwa ya tafi da shi." Ya nuna wata jakar roba da ke rataye a jikin injin, rabinta ruwa mai ɗan gurɓi. Wata ma'aikaciya ta riga ta fara kwance ta.

Mai Sikeli ya bi jakar da idon hagu, wanda yake gani garau, har matar ta jefa ta cikin kwandon shara mai murfi ta taka ya rufe. Uwata ta leƙo ta tambaya ko an gama, likita ya ce an gama, a kawo na gaba.